Sewanee Tigers

Sewanee Tigers ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ce ta Jami'ar Kudu, wadda aka fi sani da Sewanee, wata ƙaramar makaranta ta Cocin Episcopal da ke kan tsaunin Cumberland a jihar Tennessee. Wasan da ake magana shi ne mai kama da zari-ruga, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita. Ƙungiyar ta fara wasa a 1891, kuma a karawarta ta farko jami'ar Vanderbilt ta doke ta da ci 22 da nema. Har yau a filin nan na farko take karɓar baƙi, wanda ake kira McGee.

Sunan Sewanee ya fito ne a 1899, lokacin da ɗaliban makarantar duka ba su kai 400 ba. A shekarar saɓani ya shiga tsakaninta da Vanderbilt kan rabon kuɗin ƙofa, aka fasa wasan da ya fi kawo mata kuɗi. Manajan ƙungiyar, wani ɗalibi mai suna Luke Lea, wanda daga baya ya zama sanata, sai ya shirya doguwar tafiya a jirgin ƙasa don cike giɓin. Daga 9 zuwa 14 ga Nuwamba suka yi wasa 5 cikin kwana 6, a tafiyar kusan kilomita 4,000. Sun ci jami'o'in Texas 12 a Austin, Texas A&M 10 a Houston, Tulane 23 a New Orleans, LSU (jami'ar jihar Louisiana) 34 a Baton Rouge, sannan Mississippi 12 a Memphis. Babu ko ɗaya da ya samu maki a kansu. A zamanin nan 'yan wasan da ke kai hari su ne kuma ke tsare gida, kayan kariya kuwa ba su taka kara sun karya ba, shi ya sa ake yi musu laƙabi da "mazajen ƙarfe".

Sun gama shekarar da nasara 12 ba faɗuwa, maki 322 a kan 10. Goman nan duka Auburn ce ta ci, ƙarƙashin koci John Heisman, a wasan da Sewanee ta sha da ƙyar, 11 da 10. Kocin Sewanee Billy Suter ne, kyaftin kuma Henry Seibels. Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba: dogon hutun makarantar a lokacin sanyi yake, saboda haka 'yan wasanta na atisaye tun bazara, sa'ad da abokan hamayyarsu ke gida.

Da manyan jami'o'in gwamnati suka bunƙasa, ɗalibai da kuɗi suka yi musu yawa, sai ƙarfi ya bambanta. Sewanee na cikin waɗanda suka kafa SEC, gasar jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, a 1932, amma ta buga wasa 37 a gasar ba ta ci ko ɗaya ba, ta fice a 1940. Ficewar ta fi mata alheri. Daga baya ta daina ba da tallafin karatu saboda wasa, ta koma karawa da tsararrakinta.

Koci Shirley Majors ya riƙe ƙungiyar daga 1957 zuwa 1977, kuma a 1958 da 1963 ba a doke ta ko sau ɗaya ba. Yanzu tana rukuni na uku na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, kuma tun 2012 take wasa a gasar Southern Athletic Association.