Tahoua: a koya wa ƙawa, don ita yarinya ke fara tambaya

Idan al'adar yarinya 'yar shekara 15 ta yi jinkiri, ba uwarta take fara gaya wa ba, balle mu ma'aikatan CSI, wato gidan likita na unguwa. Ƙawarta take ja gefe, a hanyar lakwal ko wajen talla, kuma abin da ƙawar ta ce shi za a yi. Daga bakin ƙawaye ne ake jin cewa wai ba a ɗaukar ciki a karon farko, wai yin wanka nan take ko shan ruwan kanwa yana hanawa. Duk ƙarya ne. Ciki yana shiga tun karon farko, kanwa kuma ba ta tare komi.

Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 40 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Nijar sun haihu ko suna da ciki, yawancinsu a ɗakin aure. Ƙugun da bai gama buɗewa ba shi ke kawo doguwar naƙuda, ita kuma ta bar yarinya da yoyon fitsari. Ga jijjigar masu ciki, ga barin karatu.

Shi ya sa ake horar da matasa su ilimantar da tsaransu. Aikinsu ba ba da magani ba ne. Za a zaɓi yarinya mai natsuwa wadda baki bai yi mata yawa, a koya mata yadda jiki ke canjawa lokacin balaga, yadda ciki ke samuwa, da yadda za ta ce a'a ga mai kabu-kabun da ya fara da kai ta kyauta, ya koma sayen kati na waya. Idan magana ta fi ƙarfinta, musamman fyaɗe, ta rako ƙawarta wurin ungozomar likita ba tare da jira ba, domin maganin gaggawa na hana ɗaukar ciki cikin kwana 5 kawai yake aiki, na kariya daga sida kuma cikin kwana 3. A ganina riƙon sirri ya fi komi a wannan aiki: ranar da labarin yarinya guda ya fita unguwa, babu wadda za ta sake buɗe baki.

Samari ma da nasu. A fada, tsakanin shayi na farko da na uku, saurayi zai ji daga abokinsa abin da ba zai saurara daga gare ni ba.

Iyaye kan ce, "Malama, kar ku buɗe musu ido." Baba, Inna, waya ta riga mu. Kamun kai muke fara koyarwa, kuma ƙofa a buɗe take ku zo ku ji darasin da kunnenku. Ga amaren da aka aurar da ƙuruciya, tsarin iyali da awon ciki suna cikin ayyukan da gwamnati ta mayar kyauta tun 2006. Su zo CSI na unguwarsu, da mazajensu in da hali.