Majami'ar Wesley ta Landan

Majami'ar Wesley tana bakin titin City Road a birnin Landan, kuma mabiya ɗarikar Metodis suna ɗaukar ta uwar majami'unsu. Mai karatu a Yamai ko Tawa ya fi sanin majami'un da suka samo tushe daga mishan ɗin SIM mai asibitin Galmi. Su kuwa Metodis ta bakin teku suka shigo Afirka ta Yamma, suka kafu a Badagiri ta Najeriya a 1842.

John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Metodis, shi ne ya aza harsashin ginin ran 21 ga Afrilu 1777, aka buɗe shi ran 1 ga Nuwamba 1778. George Dance ƙarami ya zana shi, Samuel Tooth ya gina. Kafin nan jama'ar suna taruwa ne a wata tsohuwar maƙerar igwa da ke kusa.

Ginin na gasasshen tubali ne, mai kusurwa huɗu, an ja shi baya daga titi an bar fili a gaba. Gidan da Wesley ya zauna har rasuwarsa a 1791 yana gefen filin, kabarinsa kuma yana bayan majami'ar. Daga waje babu wani ado na a zo a gani. Cikin ne abin lura, domin an tsara shi don kunne: bene ya kewaye ɗakin ta gefe uku, mumbari yana tsakiya a gaba inda na sama da na ƙasa duk za su ji mai wa'azi. Teburin jibin Ubangiji ma sai aka sa shi a wani lungu mai baka bayan mumbarin. Da farko mumbarin hawa uku ne, daga baya aka rage masa tsawo.

Ginshiƙan da suka fara ɗaukar benen itatuwan jiragen ruwa ne, waɗanda ake ɗaura wa filafilai, kyautar Sarki George na Uku. A 1891 aka maye gurbinsu da na dutse mai sheƙi, aka jera tsofaffin a zaure. Silin na yanzu kwaikwayon na asali ne, wanda gobarar 1879 ta lalata.

Babban ciwon ginin yana ƙarƙashinsa. Wurin dā fadama ce da aka cike da ƙasa, aka kafa harsashi bisa turakun katako. Itace a ƙasa mai jiƙewa tana bushewa ruɓewa yake, ƙasar cike kuma tana lotsawa, sai bango ya fara tsagewa. Duk maginin da ya taɓa aiki a bakin kwarin Gunti Yena da ke Yamai ya san irin ɓarnar da damshi ke yi wa gindin gini. An ƙarfafa harsashin da kankare a 1891, amma farkon shekarun 1970 ginin ya sake lalacewa har aka rufe shi. An buɗe shi bayan gyara ran 1 ga Nuwamba 1978, ranar cikarsa shekara 200, gaban Sarauniya Elizabeth ta Biyu.