Jijjigar masu ciki: ma'anarta da alamomin da ke riga ta zuwa

Jijjiga, wasu su ce taune-taune, ita ce sandarewa da fizge-fizgen da ke kama mai ciki, ko mai naƙuda, ko mai jego, alhali ba ta da farfaɗiya a da. Jiki ya ƙame, idanu su kafe, haƙora su datse har ta ciji harshe. Cikin minti ɗaya ko biyu abin ya lafa, ya bar ta a magagi, kuma yana iya dawowa. Iya abin da mutanen gida suke gani ke nan. A wurin ungozomomin asibiti kuwa, jijjiga ƙarshe ce ta wani ciwo da yakan fara tun makonni kafin nan, wato hawan jinin ciki, wanda ake rubuta wa pre-eclampsia a katin awo.

Tushen ciwon a mabiyiya yake. A farkon ciki, ya kamata jijiyoyin da ke kai jini daga mahaifa zuwa mabiyiya su buɗe sosai. A wasu matan ba sa buɗewa yadda ya dace, sai mabiyiya ta rasa isasshen jini, ta riƙa sakin wasu sinadarai da ke lahanta jijiyoyin uwa a duk jikinta. Jijiyoyin su matse, jini ya hau, sannan su fara yoyo kamar randa mai tsaga. Ƙoda ta saki furotin cikin fitsari, ruwa ya taru a fuska da hannu, hanta ta kumbura, ƙwaƙwalwa ma haka. Kowace alama da za a lissafa a ƙasa daga ɗaya cikin waɗannan gaɓoɓi take fitowa.

Ana cewa an samu ciwon idan ciki ya wuce mako 20, awon jini ya kai 140/90 ko fiye, sau biyu da tazarar aƙalla awa 4, tare da furotin a fitsari ko wata shaidar cewa ƙoda ko hanta ta taɓu. In ya kai 160/110, babu jira, kwantarwa ake yi a ranar. Matsalar ita ce a matakin farko mace ba ta jin komai. Tana iya cin kasuwarta a Terminus da ke Jos, ta dawo ta yi girki, jininta na 150/100. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta mayar da zuwa awo aƙalla sau 8: cikin mako 12 na farko, sai mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40.

Awon ma sai an yi shi daidai. A zauna a huta minti 5, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai da ƙirji, ba magana. A lokacin sanyin Jos mata kan zo da rigar sanyi mai kauri. Ɗaura ma'auni a kan rigar yana ɓata lamba, haka nan naɗe hannun rigar har ya matse damtse. A zare hannun daga rigar kawai. Mai kaurin damtse tana buƙatar babban maɗauri, don ƙarami yana nuna jini ya hau fiye da gaskiya. Fitsarin gwaji kuma a tari na tsakiya bayan an yi tsarki, saboda ruwan gaba na iya nuna furotin ɗin ƙarya.

Alamomin da ke cewa jijjiga ta kusa su ne ciwon kai mai tsanani wanda parasitamol ba ya saukar da shi, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya da taurari, kumburin fuska da yatsu da ya zo farat ɗaya har zobe ya ƙi fita, amai a tsohon ciki, raguwar fitsari, numfashi sama-sama, da raguwar motsin ɗa. Akwai ɗaya da ta fi yaudara: ciwo a saman ciki, musamman ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Yawanci a kan ce olsa ce, a aika yaro kemis ya karɓo ruwan magani, alhali hanta ce take kumbura. Mai tsohon ciki da ta yi kukan wannan wuri, awon jini ya kamata a fara yi mata. Kumburin ƙafa shi kaɗai, wanda ke zuwa da yamma ya sauka da safe, abu ne da yawancin masu ciki ke yi.

Haɗarin ya fi yawa ga mai cikin fari, yarinya ƙarama, wadda ta haura 35, mai tagwaye, mai hawan jini ko ciwon suga ko ciwon ƙoda tun da, da wadda ita ko mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi. Irin waɗannan likita kan ɗora su a kan ƙaramin asfirin kullum tun daga wajen mako 12, wasu kuma a ƙara musu kalsiyam. Mai shan maganin hawan jini kafin ciki ta kai kwalin asibiti, domin irin su lisinopril suna cutar da ɗan tayi. A kan sauya su da methyldopa, nifedipine ko labetalol.

Idan jijjigar ta riga ta kama, a kwantar da ita a gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, a sassauta tufafi. Kada a danne ta, kada a tura mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, domin cikin huhu zai tafi. Hayaƙi kuma ƙara toshe mata numfashi yake. Addu'a a yi ta a cikin mota. A nufi inda ake iya tiyata da ƙarin jini, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko asibitin Jankwano, a riƙe katin awo.

A can allurar magniziyam salfet ce ke tsayar da jijjiga ta hana ta dawowa. Tsarin da aka fi bi shi ne giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa 4 har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura ana duba numfashi, yawan fitsari da zaburar gwiwa in an ɗan buge ta, don maganin na taruwa a jiki in ƙoda ta yi rauni. Amma ciwon ba ya fara warkewa sai mabiyiya ta fita, shi ya sa likita kan ce a tayar da naƙuda ko a yi aiki ko da wata bai cika ba. Mazaje da surukai kan yi jinkirin sa hannu a nan, kuma a cikin wannan jinkiri ne mabiyiya kan ɓanɓare ko jini ya fashe a ƙwaƙwalwa.

Haihuwa lafiya ba ta rufe batun. Jijjiga na zuwa bayan haihuwa, galibi a kwana biyun farko, amma haɗarin yakan kai mako 6, kusan duk kwanakin wankan jego. Ciwon kai ko dishi-dishi a wannan lokaci ba gajiyar haihuwa ba ce sai awo ya tabbatar. Wadda jininta ya hau a ciki ta kauce wa kunun kanwa saboda gishirin da ke cikinsa, ta ci gaba da shan maganinta, a sake auna ta tsakanin kwana na 3 zuwa na 6, lokacin da jini ya fi hawa bayan haihuwa.