Waiwaye: Una Marson da yadda muryar Karibiyan ta shiga rediyo

Akwai wani hoto da aka ɗauka a ɗakin watsa shirye-shirye na BBC a Landan cikin shekarar 1942. A cikinsa ana ganin wata baƙar mace zaune a tsakiya da makirufo a gabanta, mawaƙi T.S. Eliot a gefe ɗaya, marubucin Indiya Mulk Raj Anand a ɗaya gefen, marubucin Ingila George Orwell kuma yana tsaye a bayansu. An daɗe ana duba wannan hoto saboda mazajen da ke ciki, ba tare da an damu da sanin ko wace ce matar ba. Sunanta Una Marson, 'yar Jamaika, kuma ita ce baƙar mace ta farko da BBC ta ɗauka aikin tsara shirye-shirye. Duk mai son bin diddigin yadda mutanen tsibiran Karibiyan suka fara jin muryar juna a rediyo, daga kanta zai faro.

An haife ta ranar 6 ga Fabrairu, 1905, kusa da garin Santa Cruz a yankin St Elizabeth, mahaifinta limamin cocin Baptist ne. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta Hampton, daga baya ta koma Kingston neman abin kai, inda ta yi aikin sakatariya kafin ta zama mataimakiyar edita a mujallar Jamaica Critic a 1926. Bayan shekara biyu, tana da shekara 23 a duniya, ta kafa mujallarta mai suna The Cosmopolitan, ta zama mace ta farko a Jamaika da ta mallaki mujalla kuma take shirya ta da kanta. Masu karatun da ta sa a gaba su ne matan da suka fara shiga ofisoshi da kamfanonin Kingston suna buga tafireta, don haka ta riƙa rubutu a kan albashi, da yanayin wurin aiki, da haƙƙin mace ta nemi na kanta, a lokacin da jaridun tsibirin ba su ɗauki wannan a matsayin labari ba. Mujallar ba ta yi tsawon rai ba, amma a nan ta koyi tattara marubuta da samar musu fili, sana'ar da ta riƙe har ƙarshen rayuwarta.

A 1932 ta tafi Landan, ta sauka a gidan Dakta Harold Moody, likita ɗan Jamaika wanda ya kafa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Ingila, ta kuma riƙe mujallar ƙungiyar, The Keys. A 1935 ta halarci babban taron mata na duniya a Santambul. Da Italiya ta mamaye Habasha, Sarki Haile Selassie ya yi hijira zuwa Ingila a 1936, ita ce ta yi masa aikin sakatariya, tana kuma cikin ayarinsa zuwa Geneva, inda ya kai kukansa gaban Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani aka yi masa kunnen uwar shegu.

Domin a gane nauyin abin da ta yi daga baya, sai an tuna yadda rediyo yake a Jamaika a lokacin. Tashar farko, ZQI, ta samo asali ne daga na'urorin wani mai sha'awar rediyo, John Grinan, waɗanda suka koma hannun gwamnatin mulkin mallaka da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ɗan lokaci kaɗan take yi a iska kowace rana. Sai a 1950 aka buɗe tashar kasuwanci ta Radio Jamaica, ta gwamnati kuwa, JBC, sai 1959. Kafin nan ɗan Jamaika da ɗan Tirinidad da ɗan Barbados kowa yana tsibirinsa, labarin Ingila ya fi saurin isa gare su fiye da labarin maƙwabtansu.

A 1941 BBC ta ɗauki Una Marson aiki a shirin Calling the West Indies. Manufar hukuma a fili take: dubban 'yan Karibiyan sun zo Ingila aikin soja da na masana'antu, ana so a kwantar da hankalin iyalansu, a kuma riƙe biyayyar tsibiran ga daular Birtaniya. Soja ko ma'aikacin masana'anta zai zo gaban makirufo ya faɗi sunansa da garinsu, ya gai da mahaifiya da 'yan uwa, ya ce yana nan lafiya. Mai sauraron Hausa da ya tashi da filayen gaishe-gaishe ya san ƙarfin irin wannan, ko da yake sashen Hausa na BBC bai zo ba sai a 1957.

Inda hangen nesanta ya bayyana shi ne ba ta bar filin ya tsaya a gaisuwa ba. Ta fara sako waƙoƙi da gajerun labarai na marubutan tsibiran, waɗanda yawancinsu ba su da mai buga musu littafi, har abin ya zama fili mai zaman kansa da aka raɗa wa suna Caribbean Voices kafin yaƙin ya ƙare. A ganina wannan shi ne babban aikinta, domin ta karɓi kayan farfagandar daula ta mai da shi dandalin da talakawan daular ke magana da bakinsu. Ba ta same shi a sauƙaƙe ba. Ta sha fama da wariya da ƙyashi a wurin aiki, nauyi ya yi mata yawa, lafiyarta ta taɓu, kuma a 1946 ta koma Jamaika.

A shekarar ne Henry Swanzy, ɗan Ailan, ya karɓi shirin ya faɗaɗa shi, aka ci gaba da watsa shi har 1958. Ana biyan marubuta ladan aikinsu, wanda ga matashin da ke Kingston ko Port of Spain, babban birnin Tirinidad, ba ƙaramin abu ba ne. Ta wannan ƙofa Sam Selvon da George Lamming da Kamau Brathwaite suka bi, haka ma Derek Walcott da V.S. Naipaul, waɗanda suka ci kyautar Nobel ta adabi a 1992 da 2001. Swanzy ya cancanci yabon da ya samu, sai dai an daɗe ana ba da tarihin shirin kamar daga kansa ya faro, ana tsallake wadda ta haƙa rijiyar.

Da ta murmure ta koma ga sana'arta, ta jagoranci Pioneer Press, sashen buga littattafai na kamfanin jaridar Gleaner, wanda ya fitar da littattafai masu araha na marubutan gida. Ta zauna a Amurka na wasu shekaru, ta dawo ta ga samun 'yancin Jamaika a 1962, ta rasu a Kingston ranar 6 ga Mayu, 1965, tana da shekara 60. An yi fiye da shekara talatin kafin a samu cikakken tarihinta, wanda Delia Jarrett-Macauley ta wallafa a 1998. A 2009 aka manna allon tunawa da ita a wani gida da ta zauna a yankin Southwark na kudancin Landan, kuma a 2024 hukumar yankin ta buɗe ɗakin karatu na jama'a mai ɗauke da sunanta.