Waiwaye: Yadda Turawa Suka Ɗaure Panjab da Ruwa, Gona da Aikin Soja

A watan Afrilun 2025, bayan harin da aka kai Pahalgam a yankin Kashmir, gwamnatin Indiya ta ba da sanarwar jingine yarjejeniyar rabon ruwan kogin Indus da ke tsakaninta da Pakistan tun 1960. Nan take Pakistan ta ce duk wanda ya tare mata ruwa, to yaƙi ya ja. Mai jin labarin daga nesa zai iya ɗauka kurari ne irin na maƙwabtan da ba sa ga maciji. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wannan rigima tana da saiwa a Panjab, kuma Turawan Ingila ne suka dasa ta a cikin shekaru 98 da suka yi suna mulkin yankin.

Sunan Panjab daga Farisanci ya fito, ma'anarsa ruwa biyar, wato koguna biyar da suka ratsa ƙasar: Jhelum, Chenab, Ravi, Beas da Sutlej. A farkon ƙarni na 19 Maharaja Ranjit Singh, mabiyin addinin Sikh, shi ke sarauta daga birnin Lahore, kuma ya gina rundunar da Turawa da kansu suke shakka. Muddin yana raye ba su taɓa shi ba. Da ya rasu a 1839 sai rikicin gadon sarauta ya ɓarke a fada, ɓaraka ta samu. Turawa suka gwabza yaƙi biyu da dakarun Sikh, na farko a 1845 zuwa 1846, na biyu a 1848 zuwa 1849. Ranar 29 ga Maris, 1849, Gwamna Janar Dalhousie ya haɗe ƙasar da sauran mallakar Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya a lokacin. Sarkin da aka tuɓe, Duleep Singh, yaro ne ɗan shekara goma. Aka sa shi ya miƙa lu'ulu'un nan Koh-i-Noor ga Sarauniya Biktoriya, daga baya shi ma aka kai shi Ingila.

Shekara takwas kacal bayan haka, a 1857, sojojin Indiya da ke yi wa kamfanin aiki a arewacin ƙasar suka yi bore suka kama Delhi. Abin mamaki, daga Panjab ɗin da aka ci jiya jiya John Lawrence, Baturen da ke shugabancin lardin, ya tara dakarun da suka taimaka aka ƙwato birnin. Turawa ba su manta da wannan ba. Sannu a hankali suka karkata ɗaukar soja zuwa Panjab, suka ƙirƙiro wata aƙida wai akwai ƙabilun da aka halitta don yaƙi: manoman ƙabilar Jat mabiya Sikh, Musulmin Rawalpindi da Jhelum, Dogra da Fatan. Kafin a shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan rabin sojojin Indiya daga wannan lardi ɗaya suka fito. A ganina maganar jini yaudara ce. Abin da suke nema shi ne ɗan ƙauye mai ƙarfi, wanda bai yi karatun da zai sa shi tambaya ba, kuma gonar gidansu ba ta isa ciyar da kowa.

To amma da me za a riƙe amanar irin waɗannan mutane? Da gona. Gona kuwa a yammacin Panjab ba ta da amfani sai da ruwa. Tsakanin kogunan akwai tuddai masu faɗi da ake kira bar, busassun dazuzzuka na ƙaya inda makiyaya ke yawo da raƙuma da shanu. Daga 1885 injiniyoyin gwamnati suka shiga datse koguna suna haƙa manyan magudanan ruwa zuwa cikin waɗannan dazuzzuka. Aka kafa matsugunai tara na noman rani, mafi girma shi ne na Chenab da aka fara a 1892. Filin da ake shayarwa da kanal, wato waɗannan magudanan, ya tashi daga kimanin eka miliyan 3 a 1885 zuwa kusan miliyan 14 a ƙarshen mulkin Turawa. Ko a duniya, da wuya a sami aikin ban ruwa mai wannan girma a lokacin.

Yana da kyau mutum ya tsaya ya kalli yadda ƙauyen irin wannan wuri yake. Ba shi da suna, lamba gare shi: Chak kaza, a kan reshen kanal kaza. An yanka ƙasar murabba'i murabba'i da ma'auni, kowane yanki kimanin eka 25 zuwa 28, tituna a miƙe, rijiya a tsakiyar gari. Ruwa yana zuwa ne bisa layi, kowa da sa'o'insa, ko da tsakar dare layinka ya zo dole ka tashi da fitila da fartanya ka buɗe wa gonarka baki. Babban birnin yankin kuwa, Lyallpur, wanda aka sa wa sunan gwamna James Lyall kuma a yau ake kira Faisalabad, an zana shi da kasuwanni takwas da suka fito daga hasumiyar agogo, kamar zanen tutar Birtaniya. Har yau haka tsakiyar birnin take.

Tun da dajin an ayyana shi mallakar gwamnati, ita ke zaɓar wanda za ta ba. Ta kwaso manoma daga gundumomi masu cunkoso irin su Amritsar, Jalandhar, Gurdaspur da Sialkot. Ta ware wa tsofaffin sojoji rabonsu, ta ba manyan masu ƙasa da iyalan da suka yi mata biyayya a 1857 filaye masu yawa. A matsugunin Jhelum da aka buɗe a 1902 sharaɗin ya fito fili: za a ba ka gona idan za ka riƙe goɗiya mai kyau, tana haihuwa rundunar dawakai ta sayi ɗan. Makiyayan da suka gaji dajin kaka da kakanni, waɗanda aka laƙaba wa suna Jangli, wato mutanen daji, su aka bari a baya. An toshe musu burtali da makiyaya, abin da aka ba su daga baya bai taka kara ya karya ba. A kan ƙauyuka kuma aka ɗora lambardar, mai kama da dagaci, da zaildar, mai kama da hakimi, suna tara haraji, suna kawo rahoto, suna kuma nemo samari idan ana ɗaukar soja. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Arziki dai ya zo, wannan ba a musu. Alkama ta riƙa bin layin dogo zuwa tashar jiragen ruwa ta Karachi ana fitar da ita Turai, auduga ta bunƙasa, kuɗin ruwan kanal da ake kira abiana ya cika baitulmali. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Turawa sun mayar da gona kadarar da za a iya sayarwa ko jinginarwa, sun kafa kotuna masu aiki da takarda, sun kuma ce haraji da tsabar kuɗi za a biya a kan lokaci, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Manomi ya samu ruwan kanal, ya kuma faɗa hannun mai ba da bashi da ruwa. Biki, mutuwar bijimi, shari'a a kotu, kowanne sai ya kai shi shagon sahukar, wato mai ba da bashi, ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa. A yammacin lardin yawancin manoma Musulmi ne, yawancin masu ba da bashi kuma 'yan Hindu ne na gari, don haka rigimar kuɗi ta fara ɗaukar launin addini.

Abin ya tsorata gwamnati, ba don tausayi kaɗai ba, sai don ƙauyukan da ake ƙwace wa gonaki su ne ƙauyukan sojojinta. A 1900 ta kafa dokar hana sayar da ƙasa, wadda ta raba mutanen Panjab gida biyu: ƙabilun noma da waɗanda ba na noma ba. Ɗan kasuwa ba zai ƙara mallake gonar manomi ba. Dokar ta rage wata ɓarna, amma ta haifi wata. Manyan masu ƙasa, da yake su ƙabilun noma ne a takarda, suka maye gurbin masu ba da bashin suna haɗiye gonakin ƙanana. Talakawan da ake yi wa kallon ƙasƙantattu, waɗanda su ne ke aikin ƙodago a gonakin, aka rufe musu ƙofar mallakar ƙasa ɗungurungum.

A 1907 tura ta kai bango. Gwamnatin lardi ta kawo dokar da za ta ba jami'anta ikon tsoma baki a gadon gonakin matsugunai, da cin tarar manomi kan tsafta ko sare itace, ba tare da damar zuwa kotu ba, ga kuma ƙarin kuɗin ruwa a kanal ɗin Bari Doab. Manoma suka yi ta taruka a Lyallpur ƙarƙashin kiran "Pagri sambhal jatta", wato manomi, riƙe rawaninka, kada a tuɓe maka mutunci. Aka kama jagororin fafutukar, Ajit Singh da Lala Lajpat Rai, aka kai su Mandalay a Bama. Amma da rahoto ya nuna ɓacin ran ya fara shiga barikin soja, wakilin Sarkin Ingila, Minto, ya ƙi sa wa dokar hannu. Wannan ya nuna inda igiyar take da rauni.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tatse lardin. Gwamna Michael O'Dwyer ya ɗora wa gundumomi adadin samarin da za su kawo, masu unguwanni suka shiga tilasta wa mutane, Panjab ta ba da mayaƙa sama da dubu 300. Aka dawo ga tsadar abinci da annobar mura ta 1918, sai kuma dokar Rowlatt ta 1919 mai ba da damar tsare mutum ba shari'a. Ranar 13 ga Afrilu, 1919, ranar bikin Baisakhi, dubban mutane suka taru a Jallianwala Bagh da ke Amritsar, wani fili da gine-gine suka kewaye, mashigarsa ƙunci gare ta har motocin sulke suka kasa shiga. Janar Reginald Dyer ya jera sojojinsa a bakin hanya, bai ce kowa ya watse ba, ya ba da umarnin harbi. Cikin kimanin minti goma aka harba harsashi 1,650. Wasu suka faɗa rijiyar da ke filin don tsira, suka mutu a ciki. Gwamnati ta ce mutum 379 suka mutu. Binciken jam'iyyar Congress, mai fafutukar 'yancin Indiya, ya ce sun kai dubu. A 1940 wani ɗan Panjab, Udham Singh, ya bi O'Dwyer har Landan ya harbe shi.

Duk da wannan, siyasar lardin ta ci gaba da zama a hannun masu gona. A 1923 Fazl-i-Husain, Musulmi, da Chhotu Ram, Jat ɗan Hindu, suka kafa jam'iyyar Unionist, wadda ta haɗa manyan manoma na addinai uku a kan maslahar ƙauye da adawa da masu ba da bashi. A zaɓen 1937 ta lashe lardin, Sikandar Hayat Khan ya zama firimiya, jam'iyyar Muslim League kuwa kujerunta ba su wuce biyu ba. Wannan haɗin kai abin a yaba ne, amma ginshiƙinsa alherin gwamnati ne: fili, ruwa, muƙami, fansho. Yaƙin Duniya na Biyu ya zo da ƙarancin kaya da tilasta sayar da hatsi, Sikandar ya rasu a 1942, Chhotu Ram a 1945, kowa kuma ya ga Turawa na naɗe tabarma. Manyan masu ƙasa suka sauya sheƙa. A 1946 League, mai neman a kafa wa Musulmi ƙasar Pakistan, ta ci fiye da kujeru 70 daga cikin 86 na Musulmi. Firimiya Khizar Hayat Tiwana ya yi murabus a farkon Maris 1947, cikin kwanaki aka fara kashe-kashe a Lahore, Amritsar da ƙauyukan Rawalpindi.

Wanda aka ba aikin raba ƙasar tsakanin Indiya da Pakistan, lauya Cyril Radcliffe, bai taɓa taka Indiya ba sai Yulin 1947, kuma makonni biyar aka ba shi. Ba a bayyana layin da ya ja ba sai 17 ga Agusta, bayan an riga an yi bikin 'yancin kai. Lahore da Lyallpur da Nankana Sahib, mahaifar Guru Nanak wanda ya kafa addinin Sikh, suka faɗa Pakistan. Amritsar ta faɗa Indiya. Kimanin mutum miliyan goma suka tsallaka iyaka a Panjab kaɗai, ɗaruruwan dubbai suka halaka. Lardin cike yake da tsofaffin sojoji da suka san makami da tsara hari, abin da ya sa kisan ya yi muni haka. Jikokin manoman da aka kawo Lyallpur shekara hamsin da suka wuce suka ɗaura kaya a amalanken shanu, ayari mai tsawon mil da yawa, suka nufi ƙauyukan da kakanninsu suka baro, yayin da Musulmin gabas ke tahowa ta ɗaya hannun.

Layin bai raba mutane kaɗai ba, ya yanke kanal ɗin ma. Madatsun Madhopur da Ferozepur suka zauna a Indiya, gonakin da suke shayarwa da yawa suna Pakistan. Ranar 1 ga Afrilu, 1948, hukumomin gabashin Panjab suka rufe ruwan, magudanan da ke kai wa yankin Lahore suka ƙafe har tsawon kusan wata guda, daidai lokacin shukar auduga. Sai da Bankin Duniya ya shafe shekaru yana shiga tsakani kafin Firaminista Nehru na Indiya da Shugaba Ayub Khan na Pakistan su sa hannu a Karachi a 1960: Ravi, Beas da Sutlej na Indiya, Indus, Jhelum da Chenab na Pakistan. Wanda ya tsaya a kan gadar Ravi a Lahore da rani a yau, yashi zai fi gani, da ɗan siririn ruwan kwatami yana bin gefe.