Kuɗin fansho ba ajiya ba ce a akwati

Mutane da yawa sun ɗauka cewa kuɗin da ake cire wa ma'aikaci a albashinsa da sunan fansho ana adana masa su ne a wani asusu, har ranar da zai yi ritaya. A tsarin gwamnati na ƙasashe irin su Jamus da Amurka, ba haka abin yake ba. Abin da aka karɓa a hannun masu aiki yau, shi ake biyan tsofaffin yau da shi. Kai kuma idan ƙarfinka ya ƙare, 'yan baya ne za su ɗauki nauyinka.

Shi ya sa masana tattalin arziki suka fi zuba ido a kan tambaya guda: ma'aikata nawa ke tallafar mai karɓar fansho ɗaya? A Amurka, a 1960, sun kai kusan biyar. Yanzu ba su cika uku ba. A Japan kuwa, kusan kashi 29 cikin ɗari na jama'a sun kai shekara 65. Tsawon rai yana da nasa hannu, amma raguwar haihuwa ta fi tasiri, domin ita ke rage masu zubi.

Akwai ƙasashen da suka koma asusun kowa da nasa, kamar Chile a 1981. Ko a can ma, tsoho yana buƙatar matasan da za su yi noma, su yi jinya. Wannan ne ya fi damuna, don takardar kuɗi ba ta jinyar mutum. Jamus ta zaɓi ɗaga shekarun ritaya sannu a hankali zuwa 67, kuma mai aikin ƙarfi shi ya fi jin nauyin hakan a jikinsa.