Ƙa'idojin ƙananan kayan jirgin sama

Ƙa'idojin ƙananan kayan jirgin sama su ne dokokin da ke fayyace abin da za a yi idan wani ɗan abu ya lalace a jikin jirgi, ko aka so ƙara masa wani sabo: ƙwan fitila, agogon ɗakin matuƙi, teburin bayan kujera, soket ɗin cajin waya, har da mazubin tokar sigari na ƙofar ban-ɗaki. Reshe ne na dokar cancantar tashi, wadda ta gindaya wa kowane jirgi sharaɗi biyu. Na ɗaya, ya yi daidai da zanen da hukuma ta amince da shi tun daga masana'anta. Na biyu, ya kasance lafiya lau a ranar da zai tashi. Sharaɗin farko ne ke jawo ce-ce-ku-ce tsakanin matuƙa da hukumomi, domin jirgi kan kasance garau a idon kowa amma doka ta ce bai cancanta ba, don kawai an ɗaura masa abin da babu shi a takarda.

Tushen dokar da masu zartar da ita

Asalin tsarin shi ne Yarjejeniyar Cikago ta 7 ga Disamba, 1944, wadda ta haifi hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai mazauni a Montireyal ta ƙasar Kanada. Rataye na 8 na yarjejeniyar ya yi magana kan cancantar tashi, na 6 kuma kan yadda kamfanoni ke gudanar da jiragensu. ICAO ba ta kama kowa, ba ta cin tarar kowa. Mizani take fitarwa, kowace ƙasa ta mayar da shi dokarta.

Aikin ya rabu tsakanin ƙasar da aka zana jirgin da ƙasar da aka yi masa rajista. Jirgin Embraer daga Barazil shaidar zanensa ta fito, Dash 8 daga Kanada, Boeing daga hannun hukumar FAA ta Amurka, Airbus kuma daga EASA ta Tarayyar Turai da ke birnin Kolon. Amma da zarar an rubuta 9G a jikin jirgi, wato lambar rajistar Gana, kula da lafiyarsa ta koma hannun Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Gana, GCAA, wadda aka kafa a 1986. Ita ke ba da takardar cancantar tashi, ita ke ba injiniyoyi lasisi, ita ce kuma ke amincewa da littattafan aikin kamfanonin da ke jigila tsakanin Akara, Kumasi, Tamale da Takoradi.

Jerin abubuwan da ake iya ɗage gyaransu

Da za a ce kowane abu sai ya yi aiki kafin jirgi ya tashi, da filin jirgi ya koma gareji. Saboda haka masana'anta kan rubuta babban jeri, hukumar ƙasarta ta amince da shi, a ciki an zayyana kayan da jirgi zai iya tashi ko da sun mutu. Daga nan kowane kamfani yake ciro nasa jerin, wanda ma'aikata ke kira MEL, ya kai wa hukumar ƙasarsa ta sa hannu. Kamfani na da ikon tsaurarawa fiye da babban jerin, amma ba shi da ikon sassautawa.

A gaban kowane abu akwai adadin da aka sa wa jirgin, da adadin da tilas ya yi aiki, da sharaɗin da ke biye, da wa'adin gyara. Wa'adin kashi huɗu ne. Rukunin B kwana 3, rukunin C kwana 10, rukunin D kwana 120, ba a lissafa ranar da aka gano matsalar. Rukunin A ba shi da tsayayyen adadi, sai abin da aka rubuta a gabansa, wani lokaci ma da yawan sawu ake ƙirga shi. Sharuɗɗan su ne ruhin abin. Fitilar sauka ɗaya na iya mutuwa a tafi da rana, a hana da dare. Na'urar hango hadari na iya mutuwa a tafi idan ba a sa ran tsawa a hanya, abin da ke da sauƙin samu a watan Janairu amma da wuya a watan Yuni tsakanin Akara da Kumasi.

Abin da baƙo ga harkar ba ya saurin ganewa shi ne ma'anar shirun jerin. Duk abin da ya shafi lafiyar jirgi kuma ba a ambace shi ba, to dole ne ya yi aiki. Shiru hani ne.

A aikace ga yadda abin ke gudana. Jirgi ya sauka Kumasi da safe, ma'aikaciyar jirgi ta lura kujerar layi na tara ba ta komawa tsaye. Ta rubuta a littafi. Injiniya ya hawo, ya buɗe MEL, ya ga an yarda a ɗage muddin ba za a zaunar da kowa a kanta ba, kuma ba ta tare hanyar fita ba. Ya liƙa mata 'yar takarda mai nuna ba ta aiki, ya rubuta lambar sakin layin, ya sa hannu da lambar lasisinsa, sannan kyaftin ya karanta ya karɓa. Hajiyar da ta taso daga Aboabo tana sauri ta riski biki a Nima za ta ga minti ashirin sun tafi a kan kujera ɗaya, ta ce da an ɗaure ta da igiya an huta. Amma shawarar ba a gindin jirgin aka yanke ta ba. An yanke ta shekaru kafin ranar, a ofishin da babu fasinja mai tsaki a kan kowa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kyaftin kuwa yana da hurumin ƙin jirgi ko da jerin ya yarda, musamman idan ƙananan matsaloli sun taru.

Kayan gyara da ƙarin kaya

A kasuwannin kayan gyaran mota na Abosi Okai ko Magazin na Suwame, idan noti ya shiga kuma ya ɗauru, magana ta ƙare. A jirgi sai an tambayi asalinsa. Duk wani muhimmin ɓangare yana zuwa da takardar sallama, fom 8130-3 a tsarin Amurka, fom na 1 a tsarin Turai, mai nuna wanda ya ƙera shi ko ya gyara shi. Abu sabo fil a leda, in babu takardar da ta dace, injiniya ba zai ɗaura shi ba.

Ƙara sabon abu ya fi wannan wuya. Doka ta raba sauyi gida biyu, ƙarami da babba. Babba shi ne wanda zai iya taɓa nauyi da daidaiton jirgi, ƙarfin jikinsa, ko yadda yake tashi, kuma yakan buƙaci ƙarin shaidar zane da ake kira STC. Ƙarami ya fi sauƙi, amma shi ma sai an rubuta. Matuƙi na iya ɗora kwamfutar hannu mai taswira a cinyarsa, ba ruwan dokar sauyi da shi. Ranar da ya huda allon gabansa ya kafe ta da noti, ya ja mata waya daga wutar jirgi, ta zama ɓangaren jirgin. Sai a duba wutar da take ja, da fis ɗin da zai kare wayar, da ko tana sa rediyo ƙara, da ko tana karkatar da kamfas.

Hujjar hukumomi

Yawancin waɗannan ƙa'idoji bayan jana'iza aka rubuta su. A ranar 29 ga Disamba, 1972, ƙwan fitilar da ke nuna saukowar tayar gaba ya ƙone a jirgin Eastern mai lamba 401. Matuƙan suka duƙufa a kansa, ba su ankara jirgin na gangarowa ba har ya faɗa fadamar Fulorida, mutum 101 suka rasu. Tayar kuwa ta sauko lafiya. A Yulin 1973 wuta ta tashi a ban-ɗakin jirgin Varig daf da Faris, aka rasa mutum 123, kuma guntun sigari aka fi zargi. Shi ya sa har yau dokar Amurka ta wajabta mazubin toka a ƙofar ban-ɗakin manyan jirage, duk da an haramta shan taba: mai karya doka ma ya sami inda zai kashe ta, kada ya jefa cikin kwandon takardu.

Hatsarin Swissair 111 na 2 ga Satumba, 1998, a gaɓar tekun Kanada, ya ci mutum 229. Masu bincike sun sami alamar tartsatsin wuta a wayar na'urar nishaɗin fasinja, wadda aka ƙara wa jirgin daga baya da takardar STC, kuma abin da aka lulluɓe cikin jirgin da shi mai cin wuta ne. A 1989 jirgin Partnair ya wargaje a sama kusa da Denmak da mutum 55, aka gano jabun ƙusoshi ne ke riƙe da jelarsa. Akwai kuma Birgenair 301 a Fabrairun 1996, wanda bututun auna gudunsa ya toshe bayan ya daɗe a ajiye, mutum 189 suka halaka. Zanzaro aka fi zargi da yin gini a ciki, ƙwaron da duk wanda ya tashi a zango ya san ɗakinsa na laka a kusurwar bango. Murfin da ake sa wa bututun, mai jan ƙyalle yana reto, na cikin kaya mafi araha a filin jirgi.

MEL ɗin ma ba garkuwa ba ne. A Madrid, ranar 20 ga Agusta, 2008, wani jirgin Spanair ya dawo daga bakin titin tashi saboda na'urar ɗumama ma'aunin zafi tana aiki a ƙasa, inda bai kamata ba. Aka cire mata wuta, aka ɗage gyaran. Da aka zo tashi matuƙan ba su sauke faifan fukafukai da ke taimaka wa jirgi ɗagawa ba, ƙararrawar gargaɗi kuma ba ta buga ba. Mutum 154 suka mutu.

Koken matuƙa

Matuƙan manyan kamfanoni ba su cika faɗa da MEL ba, don sau da yawa shi ke kare su daga manajan da ke son jirgi ya tashi ko ta halin ƙaƙa. Kukan ya fi fitowa daga masu ƙananan jirage da makarantun koyon tuƙi, musamman a Amurka da Turai inda suka fi yawa. Suna cewa abu ɗaya ne a kasuwa da kuma a kantin kayan jirgi, amma hatimi ya ninka kuɗinsa. Suna cewa sufeto biyu kan karanta sakin layi ɗaya, wannan ya ce ƙaramin sauyi ne, wancan ya ce babba. A ƙasa kamar Gana akwai ƙarin ciwon kai: kusan komai daga waje ake odarsa da dala, ya bi ta kwastan, alhali wa'adin kwana 10 ba ya jiran kowa.

Koke mafi nauyi shi ne wanda ya kama hukumomi da hujjarsu. Shekara da shekaru ƙananan jirage masu cikakkiyar shaida suna yawo da tsofaffin na'urorin nuna karkatar jirgi masu aiki da famfon iska, famfon da kan mutu ba sallama. A lokaci guda jiragen da mutane ke harhaɗawa da hannu a gida suna amfani da na lantarki masu araha, saboda dokarsu ta fi sauƙi. Tsadar neman shaida ta hana kaya mafi aminci shiga jirgin da aka ce an fi kulawa da shi. A nan matuƙa ke da gaskiya.

Sassaucin da ya biyo baya

Hukumomin sun karɓi wani ɓangare na koken. A 2014 FAA ta sauƙaƙa hanyar ɗaura na'urar da ke nuna kusurwar da fiffike ke fuskantar iska. A 2016 ta faɗaɗa sassaucin zuwa kayan ƙarin kariya waɗanda doka ba ta wajabta ba, a shekarar ce kuma na'urorin lantarki na nuna karkatar jirgi, wato na kamfanin Dynon da Garmin G5, suka sami izinin shiga ƙananan jirage masu shaida. A 2017 sabon kundin FAA na ƙananan jirage ya soma aiki. EASA ta fitar da jerin sauye-sauyen da aka riga aka amince da su a 2015, ta yadda injiniya zai ɗaura wasu kaya ba tare da neman izini na musamman ba. Dama can dokar Amurka ta yarda mai ƙaramin jirgi da ke da lasisin tuƙi ya sauya taya, fulogi, batir, baƙin mai da ƙwan fitila da hannunsa, muddin ba jirgin haya ba ne kuma ya rubuta a littafi.

Wannan sassauci yana bin tutar rajista ne. Jirgi mai rajistar Amurka da ke ajiye a Akara dokar FAA ke kansa, na kusa da shi mai 9G kuwa sai abin da GCAA ta karɓa, ko da su biyun daga masana'anta ɗaya suka fito a shekara ɗaya.